Wutsiyar Shamol

Litinin, 14 ga Afrilu, bayan la'asar

Kwana arba'in da ɗaya rabon da mu ji muryar ɗanmu.

Matata Zarragul ce ta ba ni littafin nan. Ta ce in dai zan yi ta zagaya tsakar gida ina magana ni kaɗai, gara in zauna in rubuta, ko kunnenta ya huta. Littafin makarantar ɗanmu Mehrob ne, ya bar rabinsa fari. Dama bai taɓa cika littafi ba.

Kyarkeci ya sake saukowa. Jiya da asuba ya kashe raguna biyu na Rais, shugaban ƙauyenmu, a bakin rafi. Yau bayan azahar maza suka tsaya a ƙofar masallaci ana maganar bindiga, sai maƙwabcina Odina ya waiwayo ya ce, "Usto, ka ɗaure Tsintsiyar nan taka fa. Ranar Asabar saura ƙiris in sakar masa harsashi." Aka yi dariya. Ni ma na yi, don ni na raɗa wa karen sunan.

Sunansa na gaskiya Shamol. Daga gada har makiyayar sama, shi kaɗai ne karen kiwo mai wutsiya. Kuma a gidana yake, ni Safarmad, da ake ce wa Usto, wato gwani, saboda shekara talatin da takwas ina yanke wutsiyar kowane kwikwiyo a ƙauyen nan.

Laraba, 16 ga Afrilu, da hantsi

Bari in rubuta yadda aka yi, tunda ba mai karantawa.

Shekara biyu ke nan Kabud, tsohuwar karyata, ta haifi shida. Rana ta uku na wasa almakashin askin tumaki, na ɗebo toka mai ɗumi a kasko, yadda babana ya koya min. A kwana uku wutsiya guringuntsi ce, ƙara ɗaya kwikwiyo zai yi ya koma kan nono. Kunne biyu, wutsiya a gaɓa ta biyu, toka, shi ke nan. Na leƙa ɗakin ciyawa na tarar da biyar. Na ɗauka uwar ta danne ɗaya ta cinye, suna yin haka. Na yanke biyar na wanke hannuna.

Bayan kwana goma sha biyu sai ga Mehrob da na shidan a cikin rigar sanyinsa, ya yi ɓul-ɓul da nonon akuya. A gidan gwaggonsa ya ɓoye shi. Ya san sarai bayan kwana bakwai ba na taɓa kare, ƙashi ya riga ya yi ƙwari. Ƙato ɗan shekara ashirin da uku, har da gemu, ya saci kwikwiyo a gidan ubansa.

Ya ce, "Baba, da wutsiya suke magana. In ka yanke, kamar ka yanke wa mutum harshe ne."

Na ce, "To namu duk bebaye ne ke nan? Kyarkeci ta kunne da wutsiya yake kama kare, ba zuwa yake a yi hira ba."

"Ka taɓa gani da idonka?"

"Kakana ya gani."

Ya yi dariya. Dariyar ce ta tunzura ni. Na faɗa masa wata magana a ranar, a gaban uwarsa. Ba zan rubuta ta ba.

Da kaka ta yi ya tafi Rasha aikin gini. Yana ɗaure jaka ya ce, "Baba, amana. Kada ka taɓa masa wutsiya har in dawo." Na ce ko roƙona aka yi ba zan ɓata almakashina a kan tsintsiya ba. Ban raka shi bakin hanya ba, na ce ina da aiki a garke. Ba ni da aikin komai.

Juma'a, 18 ga Afrilu, da yamma

Arba'in da biyar. Zarragul ta hau tudun maƙabarta da wayar, can ne take kamawa sosai. Da gwiwoyin nan nata. Ta sauko ta ɗora shayi, ban tambaye ta ba.

Asabar, 19 ga Afrilu, da safe

Na ɗaure Shamol da sarƙa jiya. Yau na tarar da sarƙar da abin wuyan a kwance kamar an ajiye su da hannu. Wuyansa ya fi kansa kauri, ga gashi, ja da baya kawai yake ya zare. Can na same shi a bayan garke, yana zaune kamar shi aka ba wa kiwon.

Gaskiya ɗaya zan faɗa a nan, ba a waje ba. Ban taɓa riƙe kare irinsa ba. Ba ya haushin banza. In tunkiya ta ware, kafaɗa yake sa mata ya dawo da ita. Kuma in ya hango ni daga nesa, wutsiyar nan sai ta naɗe sama ta yi ta kaɗawa har gindinsa yana bi. Shekara sittin da ɗaya ina cikin karnuka, ban san haka suke murna ba, dungu kawai na saba gani yana motsi.

Launinsa ne matsalar. Toka-toka, sak na kyarkeci.

Litinin, 21 ga Afrilu, bayan magariba

Yau na kunyata kaina a wurin mai shayi.

Odina ne ya taso da maganar. Ya ce a ƙasashen Turai an hana yanke wutsiya, wai har tara ake ci. Rais ya ce, "Su da karnukansu suke kwana a kan gado? Su zo su kwana ɗaya a makiyayar sama, su ga yadda ƙanƙara ke dunƙulewa a gashin wutsiya har ta tsage fata." Wani ya ce ƙaya. Wani ya ce in karnuka suka yi faɗa, wutsiya ce farkon abin da ke karyewa. Duk maganganuna ne, ni na koya musu.

Sai na ji bakina yana cewa, "Amma in ya kwanta a dusar ƙanƙara da ita yake rufe hancinsa. Na gani. Kuma in yana gangarowa daga dutse da gudu, ita ce ke riƙe shi kada ya kife."

Odina ya ajiye kofinsa ya ce, "Jama'a, ku ji mahauci yana wa'azin cin ganye."

Har mai shayin sai da ya riƙe ciki. Na ce, "Wutsiyar kare sama take naɗewa, ta kyarkeci a rataye take. Duk mai ido ya san wannan."

Rais ya ce, "Da rana tsaka, Usto. Da asuba a cikin hazo fa? In kare ya gaji, tasa ma rataye take."

Gaskiyarsa ne, abin da ya ƙara ɓata min rai ke nan. Na biya kuɗin shayina na tashi. A hanya na tuna maganar hanci da ta gangara duk Mehrob ne ya faɗa min su, ni kuma na ce masa wayarsa ce ta cinye masa ƙwaƙwalwa.

Talata, 22 ga Afrilu, da azahar

Na shafa wa wutsiyar jan fentin da muke yi wa tumaki alama. Zarragul ta leƙo ta ce, "Baban Mehrob, wannan kuma amaryar wa ce?" Rabon da in ji ta yi dariya tun watan jiya, don haka na ƙyale ta.

Ya bi ta cikin ƙauye da jar wutsiya, mata suna leƙowa ta kan katanga. Kafin la'asar ya shiga rafi ya fito.

Alhamis, 24 ga Afrilu, da yamma

Wani mutumin ƙauyen ƙasa ya dawo daga Rasha. An ce ɗaki ɗaya suka zauna da Mehrob. Na sauka da ƙafa, awa biyu.

Ya karɓe ni da kyau, ya kawo gurasa da busasshen tuffa, ya yi ta zuba min shayi. Mutumin da yake zuba maka shayi kofinka bai ƙare ba, ka san akwai abin da ba ya so ya faɗa. Ya ce an zo an kwashe su ne saboda takardun zama. Ya ce shi an sa shi a jirgi. Ya ce wasu an ba su takardar shiga soja a tafi yaƙi, aka ce in sun sa hannu ba za a kore su ba.

Na ce, "Ya sa?"

Ya ce, "Baffa, ƙara shayi."

Na gaya wa Zarragul mutumin bai san komai ba. Ta dube ni ta ci gaba da murza ƙullu.

Juma'a, 25 ga Afrilu, da asuba

Hamsin da biyu. Ba na son ganin littafin nan yau.

Lahadi, 27 ga Afrilu, bayan la'asar

Wannan sai na rubuta shi.

Kiwon karɓa-karɓa muke yi, yau ni da Odina ne. Na ɗaure Shamol da sarƙa da igiya kafin in fita. Muka kai garken cikin kwari gari bai gama wayewa ba, hazo ya sauko har ƙasa. Odina ya zagaya ta ɗaya gefen, karnukan suka bi shi saboda gurasar da ke aljihunsa.

Ina zaune a kan dutse na gan shi. Toka-toka, taku saba'in daga bakin garke, kai a ƙasa, wutsiya a rataye. Kafin in yi tunani bindiga tana kafaɗata. Tun ina saurayi idona abu ɗaya ya sani, mai wutsiya a bakin garke, harba. Ba a tsayawa tambaya. Don haka ma ake yankewa, sauran dalilan duk ƙari ne.

Yatsana yana kan kunamar. Sai na tuna abin wuyan nan a kwance a ƙasa ranar Asabar.

Na ce, "Shamol," a hankali. Ya ɗago kai ya dube ni. Na sake cewa, "Shamol." Ni da furfurata, ina kiran kyarkeci da sunan karen ɗana.

Ya shiga garken kamar an buɗe masa ƙofa. Kafin karnuka su zagayo ya yaga uku, duk na Odina, ɗaya da ciki. Na harba sama bayan ya riga ya haye.

Odina ya iso yana haki. Ya duba tumakin, ya dube ni.

"Ka gan shi?"

"Na gan shi."

"Taku nawa?"

"Saba'in."

"Bindigar ce ta ƙi tashi?"

"Lafiyarta ƙalau."

Ya tsuguna ya yanka wadda ba ta gama mutuwa ba. Yana goge wuƙar a ciyawa ya ce, "Usto, kai ka koya min in na ga wutsiya kada in jira." Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Na dawo gida na tarar da Shamol a ɗaure inda na bar shi, yana ta share ƙasa da murna.

Litinin, 28 ga Afrilu, bayan azahar

Sun zauna a kaina a gidan Rais. An shimfiɗa min a sama, an fara zuba min shayi, duk girmamawar da ake yi wa mutum kafin a yanka shi.

Rais ya ce, "Usto, ba maganar tumaki uku ba ce. Tun da karen nan ya girma, yatsan kowa yana jira. Wanda ya jira ya yi asara. Wanda bai jira ba zai kashe maka kare, ku zama abokan gaba har jikoki. Ranar goma ga Mayu garke zai hau sama. Kafin ranar, ko wutsiya ta tafi, ko kare ya tafi. Bayan ranar, duk wanda ya ga mai wutsiya ya harba, ba ruwan kowa."

Wani ya ce in bar shi a gida. Na ce wata huɗu a sarƙa, da Zarragul da ko bokiti ba ta iya ɗauka? Zai zare ya bi sawun garke, ya ɓullo musu ta kan dutse shi kaɗai da asuba. Wani ya ce in ba wa ɗan birni, suna son irin waɗannan. Na ce in mai shi ya dawo ya tarar babu kare fa?

Duk suka shiga kallon kofunansu, har Odina. Na tsani yadda suka yi shirun nan, na tsane shi ƙwarai.

Laraba, 30 ga Afrilu, da yamma

Na shiga motar haya zuwa garin gunduma wurin Sabohat, likitar dabbobi. Na ce ta yi masa allurar barci ta yanke a tsanake, yadda ake yi a asibiti.

Ta ce, "Baffa, ba na yanke nama mai lafiya. Na ɗan kwana uku ma na daina, balle na shekara biyu. Akwai ƙashi, akwai jijiyar jini, akwai jijiyar da zai yi ta jin zafinta ko bayan ya warke."

Na ce, "'Yata, harsashi fa? Shi ba ya zafi?"

"A sa masa ƙararrawa."

"Akuya ce? Kuma wa zai ji ƙararrawa a bakin rafin nan namu da bazara?"

"To mazan su koyi dubawa kafin su harba. Kare ne zai biya kuɗin gaggawarsu?"

Na ce na duba ranar Lahadi, ta je ta tambayi Odina abin da dubawa ta haifa. Muka yi ta ja. Ita tana da gaskiya, ni ma ina da gaskiya, kuma gaskiyar tata ba za ta tare harsashi ba. Ta ce in yau ta yanke wannan, gobe kowa zai kawo nasa da dalilinsa.

Da na tashi ta rako ni ƙofa. Ta ce, "Ajinmu ɗaya da Mehrob. Shi ya fara sa ni tunani a kan abin nan. Akwai labari?"

Na ce mota za ta tafi ta bar ni.

Alhamis, 1 ga Mayu, da hantsi

Zarragul ta gan ni da dutsen wasa wuƙa. Ta ce, "Me za ka wasa?" Na ce lauje. Ta ce, "Ciyawa ba ta kai idon sawu ba."

Sai ta ce, "Abu ɗaya ya roƙe ka. Ɗaya. Bai ce ka raka shi ba, bai ce ka janye abin da ka faɗa masa ba."

Na ce, "Kina so ya dawo ya tarar da kare mai dungu, ko ya tarar da kabarin kare mai wutsiya?"

Ta ce, "Ina so ya dawo."

Ta shige ɗaki. Na zagaya gidan sau nawa ban sani ba. Na gyara ƙyauren da bai lalace ba. Na sake ƙara wa abin wuyan rami.

Juma'a, 2 ga Mayu, da safe

Hamsin da tara.

Ina alwala na ji ƙarar bindiga daga wajen rafi. Na duba gindin bishiyar da nake ɗaure shi, sarƙa a kwance. Ban san sanda na fita ba takalmi ba.

Surukin Rais ne. Ya kuskure da kaɗan, harsashin ya share gashin kafaɗa ya bar layi kamar an ja da wuƙa. Mutumin yana rantsuwa yana ba ni haƙuri, fuskarsa ta yi fari. Ina laifinsa? Ni ma da na harba.

Shamol ya biyo ni gida yana ɗingishi kaɗan, yana kaɗa min wutsiyar.

Ba a ma kai ranar goma ba.

Asabar, 3 ga Mayu, da hantsi

Na yi.

Asabar, bayan magariba

Sabohat ta tafi. Ta ce zai rayu.

Lahadi, 4 ga Mayu, da azahar

Jiya na aiki Zarragul gidan ƙanwata da sassafe, na ce ana nemanta. Ban kira kowa ya riƙe min ba. Na ce in dai za a yi, hannun wani ba zai taɓa shi ba.

Na ba shi talgen sha'ir da kitse. Na ɗaure bakin, na ɗaure ƙafafu a jikin turke. Bai yi gardama ba, ya ɗauka wasa ne, har yana lasar hannuna ta gefen igiyar. Na kawo almakashina da kaskon toka, kayan aikina na shekara talatin da takwas. Na lalubi gaɓa ta biyu da babban yatsa yadda na saba.

Na san ba kwikwiyo ba ne. Da bakina na sha gaya wa mutane bayan kwana bakwai ba a taɓawa. Amma hannuna abu ɗaya ya iya, kuma na yarda da shi fiye da yadda na yarda da yarinyar nan mai farar riga. Na ɗauka in na ƙara ƙarfi kawai shi ke nan.

Almakashin ya tsaya a rabi. Sai da na ƙarasa da wuƙa.

Na danna toka, jinin ya wanke ta. Na ƙara, ya sake wankewa, yana tsartuwa har bango. Na ɗaure da igiya, na ruga na sa ƙarfe a murhu na yi masa lalas. Kukan da ya yi ta cikin ɗaurin bakin ba zan rubuta ba. Odina ne ya jiyo ya tsallako katanga, shi ya kira likita, shi ya ɗauko ta a motarsa.

Ta ɗinke, ta yi allura biyu, ta naɗe da bandeji. Ba ta yi min faɗa ba. Tana wanke hannu ta ce, "Da na san za ka yi da kanka, Baffa, da na yi." Idonta ya kawo ruwa. Na ce ba laifinta ba ne.

Wutsiyoyin kwikwiyo a tafin hannu ɗaya nake kwashe su in jefa a rami. Wannan sai da na ɗauko shebur. Akwai sauran jan fenti a ƙarshenta.

Zarragul ta dawo ta ga bangon. Tun jiya ba ta yi min magana ba. Abinci dai tana ajiyewa.

Talata, 6 ga Mayu, bayan la'asar

Sittin da uku.

Ya fara cin abinci, amma daga hannunta. In ta fito, bandejin yana ɗan motsi. In ni ne, sai ya tashi a hankali ya koma bayan tulin itace ya kwanta yana kallona. Bai yi min gurnani ba ko sau ɗaya. Da ya cije ni da na ji daɗi.

Ɗazu ya juya zai lasa wurin, ya yi ta zagaya kansa yana neman abin da babu.

Rais ya leƙo ya ce, "Madalla, Usto, yanzu ya zama kare." Na ce ya gaida gida. Da ya ƙara minti ɗaya a ƙofar nan, da an ji kanmu a gunduma.

Ba na iya zama, ba na iya tsayuwa. Na hau tudun maƙabarta da wayar ni ma, karo na farko. Na tsaya kamar wawa ina ɗaga ta sama.

Alhamis, 8 ga Mayu, da yamma

Wayar ta yi ƙara muna shan shayin hantsi. Baƙuwar lamba, kiran da ake ganin fuska. Zarragul ta kasa dannawa, ni na danna.

Shi ne.

Ya rame, an aske masa kai, gemun babu. Ya kawo fuskarsa dab da wayar har ta cika gilashin, gefe kaɗan ake ganin farin matashi irin na gadon asibiti. Uwarsa ta fashe da kuka tana kiran sunansa. Ya ce lafiyarsa ƙalau, wayar wani ya ara, ba zai daɗe ba. Ya ce wata ɗaya ko biyu za su sallame shi. Ya ce in zai zo, a roƙi Baffa Odina ya kawo mota har bakin ƙofar filin jirgi, kada a tsaya nesa.

Zarragul ta ce, "Matsar da wayar baya, ɗana, in gan ka gaba ɗaya."

Ya ce, "Inna, layin ba kyau, in na motsa zai yanke."

Na karɓa. Akwai maganar da na shirya kwana sittin da biyar. Abin da ya fito shi ne, "Kana cin abinci?"

Ya ce, "Ina ci, Baba." Ya yi murmushi. "Nuna min Shamol."

Zarragul ta dube ni. Na fita tsakar gida da wayar. Karen yana bayan itace. Mehrob ya yi fito, irin wanda yake yi masa tun yana cikin rigar sanyi. Shamol ya zabura ya taho da gudu, ya manta da ni, yana kuka yana neman inda muryar take. Na tsuguna na rungumo kansa, na kawo wayar dab da hancinsa, na sa jikina na tare sauran.

"Kai, ya zama ƙato! Kunnuwan nan nasa. Baba, yana kaɗa ta?"

Dungun yana bugun gwiwata ta cikin bandejin, da sauri, da sauri.

Na ce, "Yana kaɗawa."

"Matsar da wayar baya in gani."

Na dubi fuskar nan da ta cika gilashi, da farin matashin. Na ce, "Kai fara matsar da taka."

Ya daɗe yana kallona ina kallonsa, karen yana lasar gilashin a tsakaninmu, kuma babu wanda ya matsar.